Awa Goma a Ogallala

A gidan abincin direbobin tirela a garin Ogallala na Amurka, wani direba yana ta kai-komo, wata dattijuwar direba tana cin fanke. Ta dube shi.

"Ɗan nan, zauna, kana sa ni jiri."

"Mama, na'urar ƙidayar awoyin tuƙi ta motata ta ce dole in huta awa goma. Saura tafiyar awa biyu in isa gida, kuma yau 'yata ke cika shekara shida."

"Mijina saura awa ɗaya ya isa gida barci ya sace shi a kan sitiyari, bai isa ba har yau. Kira ta, ka yi mata waƙa, ka je ka kwanta. Gobe ma shekararta shida."

Ya jawo kujera. "Fanken da daɗi?"

"Ko kaɗan. Zauna dai."