Tokar Murhuna a Filin Ƙwallo

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Ni ce Hajara mai waina, daga unguwar Treichville.

Ɗana Ɗanjuma mahauci ne. Shi da abokansa suka roƙi Sarkin Fawa tsohon makwancin shanu na bayan gidanmu, don su yi filin ƙwallo. Ya ce, "Na ba ku zuwa Babbar Salla. In na ga shiririta ce, shanu za su koma."

Suka kwashe kashin shanu, suka yi ta ɗauko yashi a ka daga bakin ruwa har wurin ya yi tudu. Ni kuwa tokar murhuna nake tara musu ta zana layi. Ranar kafa sandunan gora na ragar ƙwallo na ce, "Ɗanjuma, ku daidaita filin da alƙibla, ba a san ranar da goshi zai taɓa ƙasar nan ba." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ƙwallon ma sai da alƙibla?" Amma ya bi maganata.

Ranar jajibere aka kwarara ruwa, filin Idinmu ya zama taɓo. Da safe samarin suka sake zuba toka, jama'a suka taho filin ƙwallon nan yin Idi, sahu ya bi layi ya miƙe sambal. Da aka sallame, Sarkin Fawa ya dubi filin ya ce, "Shanu su nemi wani wuri."

Malam, ina neman shawara. 'Yan unguwar Adjamé za su zo wasa ranar Lahadi. Ya dace mace kamata ta leƙa ta saman dangarmu? Tokata ce dai a ƙasa.