Abin da Saja Mika Ya Bari a Dajin Bama

Rabaran, wakilin Hakimi, shugaban tsofaffin sojoji, iyalan Saja Mika Manga, da Mama Hannah da ta taso daga Dabai, sannunku da zuwa. An ba ni wannan magana ne ba don na fi kowa sanin marigayi ba, sai don waɗanda suka fi ni sun riga sun bi shi.

Ina saurayi na fara jin wata jita-jita a kasuwar Zuru: wai ba Japan ce ta kashe Ishaya Dabai ba, amininsa Mika ne ya harbe shi. Na yi dariya. Mai maganar ya sha burkutu, kuma mu mutanen Manga ba ma son a taɓa namu.

To, me muka sani? Mika ya kasance manomi kafin ya zama soja. Tare suka yi golmo da Ishaya, noman nan na shekara bakwai a gonar surukai, kafaɗa da kafaɗa. Tare aka ɗauke su a 1942, tare suka hau jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama, can nahiyar Asiya. A 1946 mutum ɗaya ya dawo.

Ya kasance uba ga 'ya'ya shida, babu wanda ya taɓa mari a cikinsu. Francis, kana nan, ka shaida, duk da kai ka fi kowa neman marin. Ya kasance ba ya yanka ko kaza, sai dai ya miƙa wa maƙwabci wuƙa ya juya baya. Mun ɗauka tausayi ne.

Ya kasance duk damina sai ya fara nome gonar matar Ishaya kafin ya taɓa tasa. Shekara talatin da takwas. Bai taɓa shan ruwan gidan ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Ɗana, ciyawa ba ta jira." Ya ci gaba da noma.

Yau shekara arba'in da rasuwarsa. Makon jiya Mama Hannah, wadda aka haifa bayan ubanta Ishaya ya tafi yaƙi, ta zo gidana. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, na wuce tamanin. Dawar wanda ya kashe ubana na ci na girma, ko kuwa? Ka faɗa a gaban jama'a, kada na mutu ina zato."

Mama, ga amsarki. Iyalan Saja, ku yi haƙuri da ni.

Rundunarsu tana ja da baya ne a daji, harsashi ya farke cikin Ishaya. Baturen da ke shugabantarsu ya ce a bar duk wanda ba ya iya tafiya. Mika ya ƙi, ya goya shi yini guda, har ƙafa ta gaza. Abokan gaba na tafe, kuma su biyun sun ga abin da ake yi wa wanda aka kama da rai. Ishaya ya kira shi da sunan yarinta, ya ce masa da yarenmu, "Kada ka bar musu ni."

Bai bar musu shi ba.

Ba zan ce ya yi daidai ba, Rabaran na nan, kuma Saja kansa bai taɓa cewa haka ba. Mun gode da kuka saurara. Ubangiji ya ba su hutu su biyun, ya sanyaya zuciyar gidajen nan biyu, cikin sunan Yesu.

Saura abu ɗaya, Mama, don za ki ce wa ya gaya mini. Wani tsohon kofur na garin Mahuta ya taɓa faɗa mini, ban yarda ba. Amma ranar da Saja ya dawo, kafin ya shiga gidansu, garin Dabai ya nufa, ya durƙusa ya faɗi komai. Wadda ya faɗa wa ta ce ya yi shiru don yarinya ta iya cin abinci. Daga baya, tana kwance a ciwon ajali, ta gaya mini da kanta, ta ce na riƙe har ranar da za ki tambaya da bakinki.

Mahaifiyarki ce, marigayiya Rachel.