Loma Uku a Akushin Yayana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ɗan Jiga Birni ne, ina sayar da albasa a Fatakwal.

Bara na je gida, anka kawo tuwon dawa, munka zauna akushi ɗaya da yayana. Loma uku na yi, na tsame hannu. Sai ya ce, "Kudu ta sa ka raina tuwonmu, ko tsoro kake mu zuba maka wani abu?" Tun ranar ba ya ɗaga wayata.

Yaya, na san kana saurare. Likita ya ce ciwon suga ya taɓa jijiyoyin da ke sa tumbi ya tura abinci gaba. Tuwo kan kwana a cikina, in amayar da shi da safe. Laifina ne da kunya ta hana ni faɗi. Amma ba zan kashe kaina da tuwo don a ce ina da zumunci ba.

A gaishe da Inna. Da Sallah ina tafe, kuma akushinka zan zauna. Loma ukun nan zan yi, kai ka suɗe sauran.