Na Ɗaure Gizo, Na Manta Kunkuru

Da sunan Allah nake farawa, wanda Yake ɓoye abu a gaban ido, Ya kuma bayyana shi a lokacin da Ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai Unguwa Ɗanmusa, ranka ya daɗe, mai wannan ƙofa da wannan inuwa da muke zaune a ƙarƙashinta. Liman Malam Mele, Allah Ya gafarta malam, da malaman da ke gefensa. Dattawan unguwa, masu furfurar gaske da masu furfurar gaggawa. Fatake baƙinmu, da mahauta, da maƙera. Matan da ke bayan zana, waɗanda ba a ganinsu amma babu kalmar da ke wuce su. Da ku yaran da aka kora sau uku kuka dawo sau huɗu. Assalamu alaikum.

Ni ce Fanna, kakar Sailuba, yarinyar da ta ɓata shekaranjiya a kasuwar Lafiya, wadda saboda ganinta aka dafa wannan sadaka. An ce in miƙe in yi godiya a madadin gidanmu. Gwiwata ta ƙi, don haka zan yi a zaune, kuma Mai Unguwa ba zai riƙe ni da laifi ba, domin ni na riƙe shi ranar sunansa, kuma abin da ya yi mini a zane ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ina godiya ga Allah da farko. Ina godiya ga samarin da suka bi hanyar Kwandere da gudu har ƙafafunsu suka fashe. Ina godiya ga fataken da aka tare a bakin gari aka kwance musu kaya, aka leƙa kowane buhu, suka haƙura ba su zagi kowa ba. Ku yafe mana, tsoro ne. Nasara sun zo sun ce an daina sayar da mutum, mun ji, amma babu tsohuwa a wurin nan da ba ta san wani gida da yaro ya fita da hantsi ba a sake ganinsa ba. Wannan tsoron ne ya riƙe mu tun daga hantsi har la'asar.

Bayan godiya ina da magana uku, kuma ta ukun ƙara ce. Ɗana Kyari, uban yarinyar, ya ce daga yau kada in sake buɗe baki in yi wa yaran gidansa tatsuniyar kunkuru. Shi ne na uku a 'ya'yana, saboda haka ina da bakin kiran sunansa a gaban jama'a, zan kuwa kira shi. Na zo in roƙi a janye wannan hukunci.

Magana ta farko, laifina, domin ba na son wani ya riga ni faɗa.

Kowa ya san ba a tatsuniya da rana, an ce mai yi da mai ji sukan ɓata a kasuwa. Kowa kuma ya san maganinta: a kama bunun ɗaki a ƙulla, a ce an ɗaure Gizo, sannan a fara. To, kwana guda kafin kasuwa aka yini ana ruwa, yara suka cika mini ɗaki, wannan yana jan zanena, wancan yana taɓa goron da na ɓoye. Na ce gara in ba su labari da su rushe mini ɗaki. Na miƙa hannu na kama bunu, na ƙulla ƙulli mai kyau, wallahi har yanzu yana nan, mai shakka ya je ya duba. Na ɗaure Gizo tamau. Sai na zauna na ba da labarin kunkuru.

Jama'a, Gizo yana ɗaure, bai yi komai ba. Wanda aka ba da labarinsa kuwa yana sake, babu wanda ya taɓa shi. Shekara sittin ina wannan sana'a, babu wanda ya taɓa gaya mini da wace ciyawa ake ɗaure kunkuru. Malam, kana dariya; in akwai a littafi, a nuna mini.

Magana ta biyu, daga ina kunkurun ya fito, kuma me ya ce wa yarinyar.

Ubana jinin Barno ne, ku duba fuskata. Uwata kuwa Alago ce, daga wajen Keana, inda ake dafa gishiri. A ɗakin matan ubana Gizo ne sarki. A ɗakin uwata kuwa ba a san shi ba, kunkuru ne mai wayo, shi ne mai cin bashin dariya, shi ne ƙaramin da manya ke rainawa su kwana da kunya. Na tashi da ɗaya a kunnen dama, ɗaya a kunnen hagu. Labaran uwata na juye su zuwa Hausa domin jikokina, amma waƙoƙin da ke ciki na bar su yadda ta rera mini, da harshenta, ko da yake ta rasu ina ƙarama, harshen ya zube mini, sauti kawai ya rage. Kyari ya daɗe yana jin nauyin waƙoƙin nan. Ya ce yara suna rera abin da ba su san ma'anarsa ba a gaban baƙi.

Labarin ranar ruwan shi ne wannan. Uwar kunkuru za ta tafi neman abinci, sai ta ce masa in ya ji ƙasa na girgiza ya shige cikin ƙoƙon bayansa ya yi lamo. Ta ce kada ya fito don an kira sunansa, domin sunansa kowa ya sani, har kura. Sai dai ya rera waƙarsu a hankali, wanda ya ba shi amshi daidai, shi ne nasa. Kura ta zo ta kira shi da muryar uwarsa, ta kira da muryar ubansa, ta yi kuka, ta yi alkawarin nama, kunkuru bai ko motsa ba.

Washegari Zuwairatu, matar Kyari, ta tafi kasuwa da Sailuba. Wani bijimin sa na mahauta ya tsinke igiya, kasuwa ta watse, hannun yarinya ya suɓuce daga na uwarta. Yarinya 'yar shekara biyar ta ji ƙasa na girgiza. Ta duba, ta ga babban kwando a kife bayan rumfar masu gishiri, ta ɗaga ta shige.

Sauran kun sani, domin ku ne kuka yi shi. Kun kira sunanta har muryoyinku suka dushe. Uwarta ta wuce ta gefen kwandon nan tana kuka tana kira. Ubanta ya wuce sau uku, ita da bakinta ta ƙirga mini, ta ce ta gane shi da tsagar da ke ɗan yatsan ƙafarsa. Na tambaye ta me ya hana ta fita, ta dube ni kamar ni ce yarinyar, ta ce, "Kaka, ai kura ma ta iya muryar Baba."

Ni kuwa ina gida. Da labari ya iso, kafin a tambayi ina aka ga yarinya, an riga an tambayi wa ya yi tatsuniya da rana. Aka ce in yi shiru, bakina ya isa haka. Na yi shiru, jama'a, ni Fanna, daga hantsi har la'asar, abin da ko mijina, Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa samu ba. Na zauna ina kallon ƙullin bunun nan, ina cewa ya Allah, in bakina ne ya ɓatar da ita, Ka karɓi bakin Ka dawo da ita. Ban taɓa jin tsufa ba sai ranar.

Da la'asar kasuwa ta yi sauƙi, masu ihu sun yi nisa. Talatu mai gishiri, ga ta can zaune kusa da zana, baƙuwa ce daga Keana, ba ta san mu ba, ta zo tattara kwandunanta. Sai ta ji wata 'yar murya daga ƙasa tana rera waƙar da kakarta ke rera mata. Ta ce ba ta ma yi tunani ba, bakinta ne ya ba da amshi da kansa. Kwando ya ɗaga. Yarinya ta leƙo, kanta duk gishiri, ta ce mata, "Kin daɗe."

Talatu, abin da ke tsakaninmu da ke ya wuce goro, ya wuce zane. Jiya na sa ta zauna ta fassara mini waƙar. Shekara sittin ina rera ta da murya mai taushi, har ina share hawaye, ina zaton kukan maraya ne. Ashe cewa take, ina nan, ina nan, ku ne kuke sauri. Amshin kuma, mun tsaya, mun tsaya, fito mu gan ka. Wannan ce waƙar da yarinyar take rerawa a ƙarƙashin kwando, garin Lafiya kaf yana wuce ta a guje.

Magana ta uku, ƙarata.

Kyari, ban ce ba ka da gaskiya ba. Labarina ne ya sa ta cikin kwando, labarina ne ya hana ta amsa maka, kuma na ga fuskarka da ka dawo daga hanyar Kwandere hannu wofi. Ba na fatan in sake ganin wannan fuskar har in mutu. Amma ka tuna bijimin nan ya karya rumfa biyu, ya taka mutum uku manya. Ka tuna a kasuwa akwai baƙin ido da ba fatake ba. Yarinyar da ta ruga tana kuka, wa ya san hannun da zai kama ta? Tawa ta zauna wuri ɗaya. Abin da ya ɓace ranar nan amshi ne. Yara sun haddace rabin waƙa, manya sun ji kunyar ɗaya rabin. Da kai ka iya shi, da tun wucewarka ta farko ka ɗauki 'yarka ka koma gida ka ci tuwo.

Na kuma saurara da kyau lokacin da kake faɗa: ka yi tsawa, ka buga ƙafa, amma ba ka rantse ba. Malam, ka shaida, babu kaffara a kansa.

Ga abin da na ɗauka wa kaina. Ba zan ƙara tatsuniya da rana ba, ko ruwa zai kwana bakwai, tunda ban san igiyar kunkuru ba. Zan kuma ƙara wa labarin magana ɗaya: in kunkuru ya ga ƙafar ubansa da tsagarta, ya fito, kura ba ta aron ƙafa. Ga kuma abin da nake roƙo. A bar mini kunkuruna, domin shi kaɗai ne gadon da uwata ta bar mini. Kuma kowane uba da kowace uwa a unguwar nan su koyi amshin kafin Talatu ta koma Keana.

Talatu, ɗaga murya ki ba su. Sailuba, ja waƙar. Mai Unguwa, rawani ba ya hana rerawa.

To, kun ji. Wannan muryar da ta fito kamar ana jan turmi a kan tsakuwa, ta ɗana ce. Ya karkace amshin, amma ya yi shi, kuma ga 'yarsa ta taso daga cinyata ta tafi wurinsa da kanta. Ranka ya daɗe, ina ganin hukunci ya yanke kansa, ba sai ka wahala ba.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a gida da kasuwa. Allah Ya mayar wa duk uwar da ke jiran nata, kamar yadda Ya mayar mana. Allah Ya sa albarka a gishirin Talatu, Ya kai fatake gida lafiya, Ya ƙara wa Mai Unguwa haƙuri da tsofaffi. Allah Ya ji ƙan uwata, wadda ta yi magana shekaranjiya daga ƙarƙashin kwando.

A zuba wa yara tuwo tun da zafinsa. Na gode.