Garin Alli a Ƙarƙashin Takalma

Salamu alaikum, mai karanta wasiƙu. Hajara ce daga Gangara. Ba na son ɗaga murya, amma raina ya ɓaci.

A kwalejin 'yata Rabi, mushen addini, wato malaminsu, ya rubuta aya a tablo, allon aji. Da lokacin lissafi ya yi, ya ce ta goge da tsumma. Ta ga garin alli zai zuba a taka, ta ce, "Mushe, bari in kawo ruwa da ƙwarya." Ya ce, "Nan ba tsangayar kakanki ba ce!" Ya kore ta, ya ce kada ta dawo sai ta ba da haƙuri.

Mu ko ɗigon wankin allo ba ma zubarwa. Masu tsara karatun nan, kun saka aya, kun manta ladabinta. Rabi tana gida. Ku gaya mini, haƙurin me za ta bayar?