Hauwa Ta Gaida Kakanta a Tsaye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Malam Lawal, ina koyar da Turanci a wata firamare kusa da Gwiwa.

Kwanan baya na koya wa 'yan aji biyu gaisuwar Turanci. Na ce su miƙe, su dube ni, su ɗaga murya. Washegari ɗalibata Hauwa ta gaida kakanta haka, a tsaye ƙyam, ido cikin ido. Nan take ya hana ta makaranta.

Da na ga kwana uku babu ita, na hau babur na same shi a ruga. Na durƙusa na ce, "Baba, Turancin nan zai amfane ta."

Ya ce, "Malam, ni ban ƙi Turanci ba. Amma kai da ka iya shi, ai ga ka a durƙushe."

Na yi masa alkawarin zan gyara. Hauwa ta dawo, yanzu a durƙushe 'yan ajina ke gaisuwar Turanci. Sai dai hedimasta ya ce ba haka tsari yake ba. 'Yan'uwana malamai, ku ba ni shawara: in tashe su, ko in bar su?