Na Sayar da Sa, Ashe An Riga An Biya

Gaisuwa gare ka Malam mai karanta wasiƙu, da duk wanda ya kasa kunne. Ni ne Ɗanladi, manomi daga Rikoto a Zuru. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, shi ma malamin ne ya gaji da ni.

Ɗiyata Rahila tana jami'a. Bara ta nemi bashin karatu da ake ba 'ya'yan talakawa, muka ji shiru. Da jarrabawa ta matso, makaranta ta ce wanda bai biya ba ba zai rubuta ba. Na ja ɗaya daga shanun huɗata biyu zuwa kasuwa, na sayar, na biya.

Makon jiya ta kira ni, ta ce: "Baba, kana zaune?" Na ce, "Ina gona, faɗi." Ashe tun kafin in sayar da san an ba ta bashin, an tura kuɗin kai tsaye makarantar. Sun karɓi wancan, sun karɓi nawa, ba wanda ya ce uffan! Malam, sai ga ni zaune a ƙasa. Bashi na wuyan yarinya, sana na tukunyar wani. Ta je ofis, aka ce ana dubawa.

Ga damina ta sauka, garma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. Matata ta ce in shiga ɗaya gefen, wai taurin kanmu ɗaya da wanda ya rage.

Masu sauraro, ina ake kai kuka a maido mini kuɗina? Ku ba ni amsa da wuri, don matar nan ta fara auna wuyana da karkiya.